Tambaya da Amsa: Yaya Zan Ɗauko Mahaifiyata Ta Zauna Tare Da Ni A Ƙasar Waje?

Wasiƙu huɗu daga cikin waɗanda suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan, duk da cewa daga ƙasashe daban-daban aka aiko su, magana ɗaya suke yi: ɗa ko 'ya na aiki a ƙasar waje, uwa ko uba sun manyanta a gida, kuma ana neman hanyar da za a zauna wuri guda. Shi ya sa na haɗa su a fitowa ɗaya. Dokokin shige da fice suna yawan sauyawa, saboda haka duk wanda zai yi aiki da abin da na rubuta, ya fara leƙa shafin hukumar ƙasar da abin ya shafa kafin ya fitar da ko sisin kwabo.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata uku ina aiki a wani asibiti a birnin Birmingham na ƙasar Ingila da bizar ma'aikatan lafiya, maigidana da yaranmu biyu suna tare da ni. Bara Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa. Mahaifiyata mai shekara 71 tana zaune a gidanmu na Katsina da wata jikarta 'yar makaranta, tana fama da hawan jini da ciwon gwiwa. Mu uku ta haifa, yayana yana Legas, ƙanwata tana aure a Zariya. Wani mai harkar biza ya ce idan na biya zai samo mata ta shekara goma, ta zo ta zauna da ni, ta riƙa duba mini yara idan ina aikin dare. Shin gaskiya ne? Idan ba haka ba ne, wace hanya zan bi? Daga wata ma'aikaciyar jinya, Birmingham.

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya kyautata makwancinsa, ya ƙara wa Hajiya lafiya da haƙurin rashi.

'Yar'uwa, bizar shekara goma da mutumin nan ya ambata miki akwai ta, ba shi ya ƙirƙira ba, sai dai rabin maganar ya faɗa miki ya haɗiye sauran. Birtaniya tana bayar da bizar ziyara ta wata shida, tana kuma bayar da mai dogon zango ta shekara 2 ko 5 ko 10, amma shekarun da aka rubuta a kanta ba tsawon zama ba ne, tsawon lokacin da aka yarje wa mai ita ya riƙa shiga yana fita ne, kowace shiga kuwa ba za ta haura wata shida ba. Daga cikin sharuɗɗanta akwai cewa mai ziyara ba zai mayar da ƙasar mazauninsa ba ta hanyar yawan zuwa ko zuwa a jejjere. Za ki ji ana cewa muddin ba a wuce kwana 180 a shekara ba babu matsala. Wannan lissafin bakin mutane ne, ba ya cikin doka. Abin da jami'i yake dubawa shi ne yadda tafiye-tafiyen suka kasance, kuma idan ya ga tsohuwa tana yin wata shida a Birmingham, ta koma Katsina ta yi sati uku ta sake dawowa, yana da ikon ya tsayar da ita tun a filin jirgi ya soke bizar, kuɗin da aka biya kuma sun tafi ke nan.

Bizar da kike aiki da ita ma ba ta ɗaukar iyaye. Iyali a wurinsu miji ne ko mata da 'ya'yan da ba su kai shekara 18 ba. Uwa, duk girmanta a wurinmu, ba ta cikin wannan lissafi.

Hanya ɗaya dokar ƙasar ta ware domin iyaye su zo zama na dindindin, ita ce ta dangi manya waɗanda ba sa iya kula da kansu, wadda ake taƙaita sunanta da ADR. Kafin watan Yulin 2012 ƙofar a buɗe take daidai gwargwado, domin uwa ko uban da ya kai shekara 65, kuma ɗansa ne ke ɗauke da nauyinsa, yana iya samun izini. Daga wannan watan aka sauya ƙa'ida, ƙofar ta koma kamar kafar allura. Da farko, wanda zai ɗauko sai ya kasance ɗan ƙasa ko mai izinin zama na dindindin, ban da wasu 'yan rukunoni irin su masu mafaka, ke kuwa da shekara uku ba ki kai nan ba tukuna, domin a tsarin da kika shigo da shi sai an cika biyar, kuma a watan Mayun 2025 gwamnati ta bayyana niyyar tsawaita wa'adin zuwa goma ga mutane da yawa. Bayan haka sai an kawo shaidar likita cewa tsufa ko ciwo ko nakasa sun kai ta ga ba ta iya yi wa kanta hidimar yau da kullum, irin su wanka da sa tufafi da girki. Sharaɗin da ke kayar da kusan kowa kuwa shi ne sai an nuna cewa ba za a iya samun wannan kulawa a Najeriya ba ko da da kuɗin da kike aikowa, ko dai don babu mai yin ta, ko don ta fi ƙarfin aljihu.

Ki lura da yadda wannan sharaɗi yake juyowa kan mai nema. Albashin da zai nuna kina iya riƙe Hajiya a Birmingham, shi ne kuma zai nuna kina iya ɗaukar mata mai aiki da nas a Katsina, inda kuɗin ya fi auki. Ga yaya a Legas, ga ƙanwa a Zariya, ga jika a gida, duk za a sa su a ma'auni. An kai wannan ƙa'ida gaban shari'a, amma a 2017 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta bar ta a yadda take, kuma ƙungiyoyin likitocin ƙasar sun daɗe suna kukan cewa tana sa ma'aikatan lafiya baƙi suna tattara nasu ya nasu. Kuɗin nema ya haura fam 3,000 kuma ba a mayarwa idan an ƙi, daga wajen ƙasar ake nema, ba a shiga da bizar ziyara sannan a juya ta, wanda ya ɗauko kuma zai sa hannu cewa har shekara biyar shi ne ci da sha da masauki da jinya ba tare da tallafin gwamnati ba. Macen da take zuwa unguwa da ƙafarta, take ɗora tukunyarta da kanta, hawan jini da ciwon gwiwa ba za su shigar da ita wannan layi ba, kuma mu gode wa Allah da ba ta kai halin da za ta cancanta ba.

Abin da ya rage, wanda shi nake ba ki shawara a kai, shi ne ziyara ta gaskiya. Ki fara da ta wata shida, kada ki yi tsalle zuwa ta shekara goma, domin wadda ba ta taɓa fita ba sai Hajji ko Umara da wuya a fara mata da doguwa, idan kuma aka ba ta gajeriya a maimakon doguwar da aka biya, ba a mayar da ragowar kuɗin. Tambayar da ke zuciyar jami'in biza ɗaya ce, wato ko za ta koma. Rasuwar mahaifinku tana raunana amsar a idonsa, saboda haka a tattaro duk abin da ya ɗaure ta da gida: takardun gidan, jikar da take riƙo da makarantar da take zuwa, sauran 'ya'yanta biyu, fanshon marigayi idan tana karɓa, gona ko 'yar sana'a idan akwai. Ke kuma ki rubuta wasiƙar gayyata, ki haɗa da shaidar aikinki da albashinki da takardar gidan da ke nuna akwai ɗakin da za ta kwana. Idan kuka rubuta sati takwas, to ta yi sati takwas. Wanda ya ce sati takwas ya yi wata biyar da rabi bai wuce wa'adin biza ba, amma ya saɓa maganarsa, kuma za a tuna masa ranar da ya dawo nema.

Maganar duba yara idan kina aikin dare, ki yi hattara da ita. Kaka ta zo ganin jikoki ta kama hannu na ɗan lokaci ba laifi ba ne, amma idan ta bayyana cewa an ɗauko ta ne ta maye gurbin mai reno, aiki za a ɗauke shi, mai ziyara kuwa an hana shi aiki. Ba cewa nake yi ki ɓoye niyyar ba, cewa nake yi ki nemi wata mafitar ga renon yara, ki bar ziyarar ta zama ziyara. Ramin ƙarya ƙurarre ne: wanda aka kama da takardar bogi ko bayanin ƙarya ana iya rufe masa ƙofa har shekara goma, kuma uzurin cewa mai harkar biza ne ya cika fom ba ya fitar da mutum. Na sha ganin inda aka zuba wa tsohuwa miliyoyi a asusun banki kwana uku kafin nema don a nuna tana da hali, alhali kuɗin da ba a san daga inda suka faɗo ba su ne ke fara jawo zargi. Tun 2013 kuma aka cire cikakkiyar damar ɗaukaka ƙara kan bizar ziyarar dangi, wanda aka hana sai dai ya sake nema daga farko.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ki sa yayanki ya duba takardun Hajiya tun yanzu. Yawancin iyayenmu ba su da takardar haihuwa sai ta rantsuwar kotu, kuma sau da yawa za a tarar shekarar da ke jikin tsohon fasfon Hajji daban, ta katin NIN daban, ta banki daban. Sunan ma wani wuri da na mahaifinta aka haɗa, wani wuri da na mijinta, wani wuri da sunan garinsu. A daidaita su kafin a taɓa fom. Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa tana bayar da takardar shaidar haihuwa ga manya, ke ma ki nemo taki mai ɗauke da sunan Hajiya, domin ita ce za ta tabbatar da dangantakarku.

Wurin da aka fi ƙonewa shi ne lafiya. Kin fi ni sanin hukumar lafiyar ƙasar, NHS, amma ma'aikatanta da yawa suna zaton tunda a ciki suke aiki, iyayensu ma sun shiga inuwar. Mai ziyara yana iya ganin likitan unguwa kyauta, haka ma sashen gaggawa, amma da zarar an ba shi gado, a Ingila ana cajinsa kashi 150 cikin ɗari na kuɗin aikin, kuma bashin da ya kai fam 500 idan ba a biya ba yana iya hana shi biza nan gaba. Kwanciyar 'yan kwanaki bayan shanyewar ɓarin jiki, Allah ya kiyaye, tana iya cinye ajiyar shekaru. Ki saya mata inshorar tafiya, ki karanta da idonki ki ga ko ta haɗa da ciwon da take da shi tun kafin tafiya, domin masu arha galibi suna cire shi, hawan jini kuwa shi ne abin da muke tsoro. Ta taho da magungunanta cikin kwalayensu tare da wasiƙar likita.

Akwai kuma tambayar da babu ita a fom: kin tambayi Hajiya kuwa? Gwaggona ta taɓa zuwa wurin ɗanta a wani gari a arewacin Ingila, an shirya za ta yi wata shida, kuma a watan Nuwamba ta sauka. Da na kira ta bayan sati biyu, sai ta ce mini kafin ƙarfe biyar duhu ya rufe, kiran salla sai a waya, masu gida sun fita tun asuba, yara suna makaranta, ita kaɗai ta ja kujera bakin taga da carbi a hannu tana kallon motoci. Maƙwabciyar da ta yi wa sallama sau biyu, murmushi kawai ta mayar ta rufe ƙofa. Abin da ya fi ci mata rai shi ne an yi haihuwa biyu da rasuwa ɗaya a layinsu, ba ta je barka ba, ba ta je gaisuwa ba. A sati na bakwai ta sa aka canza mata tikiti. Da ta sake komawa bayan shekara biyu, a watan Yuni ta tafi, ta yi wata biyu, ta dawo tana ba da labari da daɗin rai. A ganina, ga mace irin Hajiya, wata biyu ko uku tsakanin Mayu da Satumba kowace shekara, haɗe da wata amintacciya da ake biya ta riƙa kwana da ita a Katsina, ya fi mata zaman da mai harkar bizar nan yake tallata miki. A kuma gaya mata kada ta sa kilishi ko man shanu a jaka don jikoki, an hana shiga da nama da kayan madara, ƙwacewa za a yi.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni likita ne a wani asibiti mai zaman kansa a Madina, shekara shida ke nan, matata da 'ya'yana suna ƙarƙashin iƙamata, wato izinin zamana. Mahaifina mai shekara 78 yana Gusau, kuma tun da na samu aikin nan ba shi da magana sai ta ya zo ya ƙarasa kwanakinsa kusa da Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a binne shi a Baƙi'a. Wasu 'yan'uwa mazauna nan sun ce in kawo shi da bizar Umara ko ta ziyara kawai ya zauna, wai ba a kula tsofaffi. Mene ne mafita? Daga wani likita, Madina.

AMSA: Wa alaikumus salam, Likita. Burin Baba shi ne burin da kakanninmu suka taka da ƙafa saboda shi, ta Barno da Chadi da Sudan, har wasu suka yada zango a hanya suka zama al'ummomin Hausawa da ke can har yau. Sai dai zamanin da mutum zai shiga ya ɓace cikin unguwannin Takari ya wuce, domin yanzu da zanen yatsu ake shiga, kuma kowace biza tana ɗaure da sunan wanda ya nema.

Halastacciyar hanyar da ke hannunka ita ce bizar ziyarar iyali. Kai mai iƙama kake nemanta ta shafin Ma'aikatar Harkokin Waje, wurin aikinka ya tabbatar, sannan Baba ya je cibiyar biza a Najeriya a ɗauki zanen yatsunsa. An tanade ta ne domin dangi na kusa irin su iyaye da mata da 'ya'ya, inshorar lafiya wajibi ce a kanta, kuma ta manhajar Absher ake neman ƙarin kwanaki kafin wa'adi ya cika, ba bayan ya cika ba. Akwai mai shiga ɗaya, akwai mai shiga da yawa ta shekara guda, amma a 2025 an ƙuntata bayar da ita ga 'yan wasu ƙasashe har da Najeriya, musamman gabanin Hajji, saboda haka ka tambayi ofishin shige da fice na Jawazat abin da ke aiki a ranar da za ka nema.

Iƙama ga uba kuwa ba haƙƙi ba ce da ma'aikaci zai nema a ba shi kamar yadda ake ba mata da ƙananan 'ya'ya, roƙo ne na jin ƙai da hukuma take dubawa ɗaya bayan ɗaya, kuma ba kasafai take amsawa ba. Ko da an dace, ka san harajin da kake biya wa iyalinka, wanda aka fara a Yulin 2017 da riyal 100 a wata kan kowane mutum, ya kai riyal 400 a Yulin 2020, wato 4,800 a shekara, ban da inshorar mai shekara 78 wadda ba ta yi kama da ta yaro ba. Mutane suna gauraya wannan da tsarin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, inda mazaunin da albashinsa ya kai ƙa'ida yake iya yi wa iyayensa izinin zama na shekara guda ana sabuntawa, da sharaɗin ya ɗauki uwa da uba duka sai idan ɗaya ya rasu ko sun rabu. Abin da aka yi a Dubai ba hujja ba ne a Madina.

Shawarar 'yan'uwan nan kuwa, kada ka ɗauka. Kai ka gayyato shi, saboda haka tara da ɗauri da kora idan sun zo ba a kan Baba kaɗai za su tsaya ba, har iƙamarka da ta iyalinka za su taɓa. Kai likita ne, ka san abin da ake fara tambaya a teburin karɓar marasa lafiya. Tsohon da bizarsa ta mutu, inshorarsa ta mutu tare da ita, ranar da ya kwanta ciwo za ka rasa inda za ka nufa da shi a garin da kai kanka kake duba marasa lafiya. Dattijon da ya zo neman natsuwa sai ya koma ɗan ɓoye mai fargabar kowane shingen bincike tsakanin Madina da Makka.

Ka kuma shirya wa roƙon da zai biyo baya, domin idan Zulƙida ta kama yana nan, zai ce ka bar shi ya tsaya Arfa. Bizar ziyara tana halatta Umara, ba ta halatta Hajji. A 2025 hukuma ta sanya tarar da ta kai riyal 20,000 ga mai yin Hajji ba izini, da wadda ta kai 100,000 ga wanda ya nema masa biza ko ya ɗauke shi ko ya ba shi masauki, ga kora da hana shiga na shekara goma. A Hajjin 2024, cikin mutum 1,301 da hukumomin Saudiyya suka ce sun rasu lokacin tsananin zafi, kashi 83 cikin ɗari marasa izini ne, waɗanda suka yi ta tafiya a rana babu tanti babu mota. Ka riƙa kawo Baba duk shekara, ya zo a Sha'aban ya yi azumi a Madina, ya koma kafin wa'adinsa ya cika, ka kuma nemo tsohon katinsa na rigakafin shawara idan ya taɓa yi, tunda daga 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Game da Baƙi'a, Baba ya fi mu sanin ayar ƙarshen Suratu Luƙman, cewa babu ran da ya san a wace ƙasa zai mutu. Ka karanta masa ita cikin ladabi.

TAMBAYA: Ina zaune a Amurka da girin kad, wato katin zama na dindindin, shekara biyu ke nan. Zan iya cike wa mahaifina takardun zama? Daga wani mai karatu, Houston.

AMSA: Malam, ba yanzu ba. Mai girin kad yana iya nema wa matarsa da 'ya'yansa marasa aure, amma iyaye sai ɗan ƙasa wanda ya kai shekara 21, kai kuwa a bisa al'ada sai ka cika shekara biyar da katin kafin ka nemi zama ɗan ƙasa, ko uku idan 'yar ƙasa kake aure. Kafin nan sai bizar ziyara, wadda a Yulin 2025 Amurka ta rage wa 'yan Najeriya ita zuwa shiga ɗaya cikin wata uku, kuma daga baya matakan sun ƙara tsanani, don haka ka fara bincikar ko ofishin jakadancinsu na Abuja ko na Legas yana bayar da ita kafin ka biya. Ka kuma sani cewa ko ranar da mahaifinka ya samu katin, sai ya yi shekara biyar a ƙasar kafin ya iya shiga inshorar tsofaffi ta Medicare, ita ma da kuɗinsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni injiniya ne a birnin Calgary na Kanada, na samu izinin zama na dindindin shekara biyu da suka wuce. Mahaifiyata tana Bauchi, amma wadda ta riƙe ni tun ina shekara huɗu yayar mahaifina ce, ba ta taɓa haihuwa ba, ita nake kira Inna. Ina so in kawo su duka biyu su daɗe a wurina. Ta yaya? Daga wani injiniya, Calgary.

AMSA: Wa alaikumus salam, Injiniya. Allah ya saka maka da alheri da ba ka manta da Inna ba. A cikin ƙasashen da aka tambaya a yau, Kanada ce kaɗai take da bizar da aka ƙera musamman domin wannan buƙata, wato Super Visa, wadda aka fara a Disambar 2011 domin iyaye da kakannin 'yan ƙasa da masu izinin dindindin. Tana iya kai wa shekara goma, kuma tun 4 ga Yulin 2022 mai ita yana iya zama har shekara biyar a shiga ɗaya, maimakon biyu da ake yi a da. Wanda yake kan takardar izinin aiki kawai ba ya cikin masu gayyata, kai kuwa ka tsallake wannan. Za a buƙaci wasiƙarka ta alkawarin ɗaukar nauyi, da shaidar cewa kuɗin shigarka ya kai mafi ƙarancin da hukuma ta ƙayyade gwargwadon yawan mutanen gidanka har da wadda za ta zo, da gwajin lafiya a wurin likitan da suka amince da shi, da inshorar lafiya ta aƙalla dalar Kanada 100,000 mai aiki na shekara guda daga ranar shiga. Inshorar nan ita ce nauyin gaskiya, domin lardin Alberta, inda Calgary take, ba zai ɗauki jinyar mai ziyara ba, kuma duk shekarar da ta ƙara a wurinka sai an sabunta. Akwai shirin ɗauko iyaye zama na dindindin, amma da ƙuri'a ake gayyata, har zuwa 2025 daga cikin waɗanda suka yi rajista a 2020 aka yi ta zaɓa, kuma alkawarin ɗaukar nauyinsa shekara 20 ne.

Duk wannan mahaifiyarka ya shafa. Riƙo irin namu, wanda ake miƙa yaro ga gwaggo da baki da amana ba tare da takardar kotu ba, dokarsu ba ta san shi ba, saboda haka Inna a wurinsu gwaggo ce, bizar ziyara ta gama-gari za ta nema, wadda galibi wata shida ake ba mai ita, sai dai a nemi ƙari daga ciki kafin su cika. Za a samu mai ba ka shawarar ka rubuta ta a matsayin mahaifiya tunda ba ta da ɗa. Kada ka soma, domin suna iya neman gwajin jini, bayanin ƙarya kuma yana jawo hani na shekara biyar, ga naka izinin da za ka jefa cikin haɗari. A wasiƙar gayyatarta ka faɗi gaskiyar alaƙarku dalla-dalla, ka haɗa da abin da ke nuna ita ta rene ka, kamar takardun makaranta da aka rubuta ta a matsayin mai kula da kai.

Da ni ne, zan sa su taho tare a karon farko, su yi bazara ɗaya a Calgary suna ɗebe wa juna kewa, su koma tare, don kada a ce an bar ɗaya shekara biyar an sallami ɗaya a wata shida, ka san yadda irin wannan magana take yawo a dangi. Kafin komai, a yi wa kowacce fasfo mai shafi 64 na shekara goma, domin Kanada ba ta bayar da bizar da ta wuce ranar ƙarewar fasfo, kuma wanda ya kai mai saura shekara biyu, bizar shekara biyu zai karɓo.